Kunnenki na Hagu

Nasarawa Gwom, Jos.
Alhamis, bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Gombe lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa aikin koyarwar da za ki fara ya zame miki alheri duniya da lahira. Babanki da ƙanwarki Hanifa ba su san na rubuta ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabona da in riƙe biro in rubuta abin da ya wuce awon kafaɗa da tsawon siket, wallahi na manta. Takardun ma daga tsakiyar littafin awo na ciro su, shi ya sa za ki ga awon wata mata a bayan shafi na biyu, ki yi haƙuri da shi. Tun ranar da takardar ɗaukar aikinki ta zo, aka ce aji uku na firamare za a ba ki, nake son in zaunar da ke mu yi magana. Sau uku ina shiga ɗakinki, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko kin ɗauki bargo. Gombe da zafinta, me za ki yi da bargo? Bakina ne ya ƙi, shi ya sa na ce bari in gwada da hannu.

Maganar kunnenki na hagu ce. Kin girma kina cewa ciwo ne ya cinye shi, haka babanki ma yake gaya wa mutane, ni kuma ina jin ku ina yin shiru. Ciwo ya yi nasa, ban musa ba. Amma makarantarku ta yi wata da watanni tana kirana kafin abin ya kai inda ya kai, ni ce ban amsa ba. Yanzu ke ce za ki zama mai kiran iyaye, don haka gara ki ji yadda abin yake daga bakin wadda aka kira ta ƙi zuwa.

Ke ce 'yar fari. A gidan da na tashi a Rikkos, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "mutumin nan." Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai, ana kuma yabonta a kan haka, ana cewa mace ce mai kunya. Da na haife ki sai na ɗauki abin yadda na gan shi, har na ƙara masa gishiri, don ina son a ce 'yar Inna ta gado ta. Ana yaye ki Goggo Asabe, yayar babanki, ta ɗauke ki zuwa ɗakinta na bakin zaure. Ita ke miki wanka, ita ke miki kitso, ni ina leƙenki ta labule. Da aka haifi Hanifa unguwa ta sa mini Maman Hanifa, na karɓa hannu bibbiyu, kamar daga kanta na fara haihuwa.

Kuskurena na farko tun ranar sa ki a makaranta ne. Goggo ce ta kai ki. Da aka tambayi wanda za a nema in wani abu ya taso, ta ba da sunanta da lambar wayarta, tunda babanki kullum yana hanya da lodin dankali da kabeji, sai ya yi mako biyu ko uku bai kwana Jos ba. Ni na ɗinka miki yunifom ɗin, har aljihu biyu na yi masa, amma ƙafata ba ta taka makarantar ba. Kina aji biyu Goggo ta bi ɗanta Zariya, layinta ma ya ɓace a can. Ta so tafiya da ke, babanki ya ce a bar ki saboda karatu, kika dawo ɗakina. Abin da ya rage mini bai fi tafiyar minti goma ba: in je ofis in ce a goge sunan Goggo a sa nawa. Na yi ta cewa gobe. Gaskiyar magana, in na je dole in buɗe baki in ce ni ce uwar wance, in faɗi sunan, ga malamai ga iyaye suna ji. Haka makaranta ta shekara tana riƙe da lambar da ba ta shiga da sunan matar da ba ta garin.

To ke, in kin karɓi ajinki, kada ki dogara da abin da ke cikin fayil kawai. Mutane suna mutuwa, suna tashi, ana sakin aure, takarda tana nan yadda aka cike ta. Ki bi yaran ɗaya bayan ɗaya ki tambaye su a hankali: wa ya ba ka abin karin kumallo yau, wa ke wanke maka yunifom, in ba ka da lafiya wa ke kula da kai? Sunan da yaro ya faɗa shi za ki rubuta da fensir a gefe. Kowane zango ki sake tambaya.

Malamarku ta aji uku Madam Chundung ce, ba sai na tuna miki ba, doguwar nan 'yar Birom mai jar suwaita ko da rana ake ƙwallewa. Ita ta fito da littafin saƙo, ɗan ƙaramin littafin nan da kowane yaro ke kaiwa gida, malama ta rubuta abin da take son iyaye su sani, su sa hannu a mayar mata. Da Turanci take rubutawa, ga rubutunta a sarƙe. Ni kuwa Turancina na aji biyun sakandare ne, ya daɗe da yin tsatsa. Kina dawowa sai ki ɗora littafin a kan keken ɗinki ki ce, "Madam ta ce a karanta." Ko ɗagowa ba na yi, sai in ce, "Ajiye wa babanki." Babanki yana can wajen Fatakwal. Da safe in kin toge a bakin ƙofa kin ƙi tafiya sai da sa hannu, sai in ja biro in yi 'yar ƙarangiyata a ƙasan shafin, in miƙa miki ina kallon wani wajen.

Kada ki ba ni uzurin Turanci, don ni ma na daina ba kaina. A shekarar Hanifa ta shiga aji ɗaya, ita ma da nata littafin, kuma nata har shagon Maman Tope maƙwabciyarmu nake kai shi ta karanta mini layi-layi. Naki ne ban kai ba. Tsoro nake ta ce, "Ah ah, Maman Hanifa, ashe kina damuwa da babbar," matan da ke sayayya su yi dariya. Dariyar mata uku a bakin shago, ita na guda.

Sau shida na sa hannu a ƙarƙashin magana ɗaya. Sai daga baya aka karanta mini su a jere, ina zaune kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinyar nan ba ta amsawa in an kira ta daga hagu. Kunnenta yana ruwa, yana wari. Don Allah a kai ta asibiti. Don Allah a zo ina son ganin mahaifiyarta. Ƙarƙashin kowanne ga sa hannuna raɗau. Madam tana ganinsa ta ɗauka an karanta an yi banza da ita.

Kin san yadda ta gane? Wajen kiran suna da safe. Ta lura in ta tsaya ta wajen ƙofa ta kira ki kina amsawa, in ta tsaya ta wajen taga sai ta kira sau uku kina kallon allo. Ita da take ganinki awa biyar a rana ta gane, ni da muke ɗaki ɗaya ban gane ba, saboda ban taɓa kiranki da suna ba. "Ke" nake cewa. A gidan haya mai cike da mata da 'yan mata, "ke" ta kowa ce. In ba ki juyo ba sai in ce ba ki san da ke nake ba, ko in ce taurin kai ne irin na dangin babanki, in wurgo miki guntun ƙyalle ki waigo. Ruwan kunnen kam na gan shi. Bayan sallar asuba nakan tura ƙofa, in ɗumama man zaitun a cokali in ɗiga miki, in goge da auduga, in ce a raina sanyin Jos ne, in ya wuce zai bari. Ko wannan ɗan abin sai na rufe ƙofa nake yinsa, kada a ce ina tarairayar 'yar fari.

Don haka ki riƙe wannan: sa hannu ba amsa ba ce. Yanzu na ga ma guruf kuke buɗewa a waya, malama ta rubuta, iyaye arba'in su turo babban yatsa. Yatsan nan da ƙarangiyata duk ɗaya ne. In kin aika saƙo sau biyu a kan lafiyar yaro ba ki ga fuska ba, ba ki ji murya ba, ki bar rubutu ki nemi mutum. In za ki rubuta ma, ki rubuta da harshen da ake ji a gidan, ko ki yi saƙon murya, Turancinki ba zai gudu ba. Kuma maganar ciwon yaro, ko fitsarin kwance, ko ƙwarƙwata, ba ta guruf ba ce, ta uwarsa ce ita kaɗai.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini nauyi. Na tashi na yi alwala na dawo kafin in iya rubuta shi.

Saura mako guda Babbar Sallah, ranar wata Alhamis, ana yayyafi. Ɗakin ɗinki ya cika da mata masu jiran kaya, cikinsu har da Hajiya Kande, ƙawar Innata tun suna 'yan mata. Sai ga sallama. Na ɗaga kai na ga Madam Chundung da lema a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana riƙe da naki. Ki tuna lokacin gari bai daɗe da lafawa daga rikici ba, mutanensu ba sa shigowa unguwarmu haka nan, mu ma ba ma shiga tasu. Matar nan ta tako ita kaɗai, ta bi lunguna cikin taɓo, saboda kunnen 'yar wasu.

Ta gaishe mu, ta dube ni, ta ce da irin Hausarta, "Sannu da aiki. Kai ne mamanshi?"

Hajiya Kande ta zuba mini ido tana murmushi, tana jira ta ga abin da 'yar Inna za ta ce. Na ci gaba da taka keke na ce, "A'a, 'yar Goggo ce. Mu dai riƙo muke yi."

Mata suka kwashe da dariya. Hajiya Kande ta ce, "Allah Ya jiƙan Inna, lallai ta bar baya." Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Har cikin raina na ji daɗin maganar nan.

Madam ba ta yi dariya ba, don ba ta san wasa ba ne. Ta ce, "To ina mamanshi?"

Na ce, "Tana Zariya."

Sai ta ce, "Don Allah ku gaya mashi, kunnen yarinyan nan yana lalacewa. Ba maganan gida ba ne, maganan asibiti ne. Wannan sati, ba sati mai zuwa ba."

Na ce, "To, za a gaya wa masu ita."

Na sa aka kawo mata ruwa, ta kurɓa don kada a ce ta ƙi, ta shafa kanki ta fita cikin yayyafin. Kina tsaye jikin ƙofa da jakarki a baya, kunnenki na dama yana wajena. Ranar ko tuwo ba ki ci ba. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa yarinya ce, ba ta gane ba. Na san kin gane.

Kuma ban kai ki asibitin ba. Na ce bayan Sallah, ɗinki ya yi yawa. Bayan Sallah ruwan kunnen ya ɗan tsaya, na ce ai ga shi man zaitun ya yi aiki. Ruwan ya dawo, na ce bari babanki ya dawo. Can ƙasan duk wannan, abin da nake gudu shi ne tebur ɗin yankar kati, inda za a ce mini, "Sunan yarinya? Ke ce mahaifiyarta?"

Inda za ki, Fulani sun fi mu riƙon wannan kunya nesa ba kusa ba. Za ki haɗu da irina da yawa. In za ki yi wa uwa maganar ɗanta, kada ki yi a gaban surukarta ko ƙawayen uwarta, ki ce kina son ganinta a waje minti biyu. In mace ta ce miki "ba nawa ba ne," kada ki rubuta, ki dubi waɗanda ke zaune a wurin tukuna, ki dubi fuskarta da ta yaron. Ki tambayi yaron ko shi ne babba a ɗakinsu. In shi ne, kada ki tilasta mata faɗin suna, ki ce "mutumin naki" ko "ɗalibina," za ta gane, za ta kuma saurare ki. Madam ba ta san wannan ba, ba kuma laifinta ba ne, ba a cikinsa ta tashi ba. Ke kin sani, kin ma fi kowa sani. Ranar da kuma Allah Ya ba ki naki, in malamar ɗanki ta tako har ƙofarki, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki tashi tsaye.

Asirina ya tonu ne ranar iyaye, ƙarshen zango na biyu. Kin tuna yadda ake yi, kowane yaro ya jera littattafansa a kan benci, uwa ko uba ya zo ya zauna kusa da shi a duba tare da malama. Na ci kwalliya na tafi ajin Hanifa, na zauna, na yi ta washe baki ana nuna mini zanen ƙwallo da kifi. Da za mu fita dole sai ta gaban tagar aji uku. Na gan ki. Kin jera littattafanki daga babba zuwa ƙarami, kin matsa gefe kin bar wurin zaman mutum ɗaya, har kin share shi da bakin hijabinki. Muka haɗa ido. Na gyara mayafina na wuce.

Ban kai get ɗin makaranta ba Madam ta sha gabanmu. Ba ni ta yi wa magana ba, ta durƙusa ta tambayi Hanifa wace ce ni. Hanifa ta ce, "Mamanmu." Madam ta nuna ajinku ta ambaci sunanki, ta ce ita fa? Hanifa ta ce, "Yayata ce, mamanmu ɗaya." Madam ta miƙe ta ce in biyo ta ofishin hedimasta.

Malam Ɗanjuma dattijo ne, mutumin Bauci. Ya sa aka ciro fayil ɗinki da na Hanifa ya ajiye su gefe da gefe, ya duba, ya cire tabarau ya ce, "Malama, 'yar fari ce ko?" Na sunkuyar da kai. Ya juya ya yi wa Madam bayani da Turanci, ya daɗe yana yi. Ina jira ta yi mini ihu, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Ni na rubuta a fayil cewa yarinyan ba shi da mama a Jos. Wata uku ina jin haushin wani mata a Zariya. Da ka bi ni waje ranan nan ka gaya mani a kunne, da ni da kaina na kai shi asibiti, ba wanda zai sani."

Malam Ɗanjuma ya ce su ma da nasu sakacin, da an kawo masa maganar tun farko da ya gane. Sannan ya dube ni ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Tsohuwata ba ta taɓa faɗin sunana ba, amma da ƙyanda ta kama ni, a bayanta na je asibiti, a ƙafa. Al'ada suna ta hana ki faɗa, ba ta hana ki kai yarinya magani ba." A nan ne na tuna Inna ma haka take. Ranar da yayanmu ya karye a ƙwallo, ko mayafi ba ta tsaya nema ba, zanin gado ta yafa ta fita. Ashe ba kunyar Inna na gada ba, yabon da ake mata nake kwaɗayi. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke.

Washegari muka tafi asibiti mu uku, don Madam ta nemi izini ta biyo mu. Muka isa tebur ɗin kati, ma'aikacin ya ce, "Sunan yarinya?" Ga ki a gefena, ga layi a bayana. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin ya maƙale. Madam ce ta faɗa. Da likita ya gama dubawa ya ce dodon kunnen ya huje tuntuni, ciwon ya ci ciki, za a iya tsayar da ruwan amma ji ba zai dawo yadda yake ba. Ya tambaya me ya sa ba a zo da wuri ba. Madam ta dubi ƙasa, ba ta tona ni ba.

Za ki ce daga nan na yi hankali. Ina fa. Da babanki ya dawo ya tambayi yadda aka yi, sai na ce masa makaranta ba su sanar da wuri ba. Ya fusata zai je ya yi musu tas, na riƙe shi na ce a bar wa Allah, har yana yaba haƙurina. Littafin saƙon kuwa na cusa shi ƙasan akwatin zannuwana, yana nan har yau. Matar da ta tako cikin ruwa saboda ke, ban ce mata na gode ba, na kuma ɗora mata laifina a bayan idonta. In na hango jar suwaita a kasuwa sai in canza layi. Ita kuwa ta mayar da ke bencin gaba inda kunnen damanki zai fuskance ta, da za ki aji huɗu ta je da kanta ta gaya wa sabon malaminku, haka aji biyar, haka aji shida. Duk ina ji a bakinki ina cewa "to."

Ki sani, wasu iyayen za su ƙi ki ba don kin yi musu laifi ba, sai don kin ga abin da suke ɓoyewa. Za su daina gaishe ki, wata ma ta kai ƙararki. Kada ki huce a kan yaron, kada kuma ki fasa gaishe su. Mai gudunki a kasuwa sau da yawa kunyarki take ji, ni shaida ce. Ke ma kada ki ɓoye naki. Ranar farko ki gaya wa hedimasta maganar kunnenki, ki sa teburinki inda yara za su kasance ta damanki, ki gaya wa iyaye in suna miki magana su fuskance ki. Na san halinki, sai ki gyaɗa kai ki ce "to" alhali rabi kika ji, don kada a sani. A wajena kika koyi wannan, ki bar mini abina a Jos. Babanki kuma, in kin tafi zan ciro littafin in ajiye masa, in gaya masa da bakina. Ba aikinki ba ne.

Ranar Litinin da na je kasuwar Laranto sayo miki bokiti da risho, ina cikin duba murfi sai na ji an ƙwala mini kira daga bayana, Maman wance, da sunanki. Duk Jos mutum ɗaya ce take kirana haka, Madam Chundung. Ta tsufa, kai ya yi fari, ta yi ritaya, suwaitar ce dai ba ta canza launi ba. Wannan karon ban gudu ba. Na gaya mata kin gama kwalejin ilimi, za ki koyar, aji uku ma. Ta ajiye ledarta a ƙasa ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, mutane suna kallonmu. Nan tsakiyar kasuwa na ce mata na gode, na gaya mata ƙaryar da na yi mata wajen babanki, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ya wuce tun tuni." Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Amma ka taɓa kiran sunanshi?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Ka kira. Ta dama."

Shekara ashirin da uku ke nan da haihuwarki, ban taɓa kiran sunanki ba. Inna ta rasu, Hajiya Kande ta rasu, matan da suka yi dariya ranar nan ko sunayensu ban iya kawowa duka, ke kuma kina nan da kunne ɗaya. Ban san wa nake jin kunya ba yanzu.

Jibi Asabar zan raka ki tasha. Takardar nan zan sa ta cikin jakarki, ƙarƙashin sallaya, inda na san za ki gan ta da kin sauka. Na yi niyyar in kin shiga mota in zagaya in tsaya ta damanki in kira ki, a gaban babanki da direba da duk wanda ke wurin. Kina karanta wannan kin riga kin san ko na iya. In na iya, alhamdu lillahi. In kuma kin ji na ce "ke, Allah Ya kiyaye hanya" kamar kullum, to ki yi haƙuri da ni, zan ci gaba da gwadawa a waya, ki riƙa sa ta a kunnen dama. Kafin nan ga shi a rubuce, da hannun da ya sa hannu sau shida bai karanta ba.

Zulaihatu. 'Yata ce ke, ni na haife ki, ba riƙo nake yi ba. Ki yafe mini kunnenki, ki yafe mini ranar ɗakin ɗinki, ki yafe mini wurin da kika share a benci.

Allah Ya tsare ki a Gombe, Ya tsare miki kunnen da ya rage, Ya haɗa ki da iyayen yara masu amsa kira, Ya ba ki haƙuri da irina. Allah Ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya, Ya yi miki albarka. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki ci abinci. Bargon ma na sa miki, ko ba ki rufa ba kya shimfiɗa.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki,
Maman Zulaihatu.